Na Ba Da Kafin Alƙalamin Fiyano, Matata Kuma Na Jiran Kuɗin Haihuwa

Wannan saƙon daga Gusau ya zo, na ɗan rage tsawonsa kuma na sakaya sunan mai shi kamar yadda ya roƙa.

"Assalamu alaikum Yaya. Ni tela ne, shekarata 29, maiɗakina na da ciki wata bakwai kuma na fari ne. Tun ina poly a Ƙaura na koyi jita wurin wani abokina, ba sana'a na ɗauke ta ba, in na rufe shago da dare nake ɗan taɓawa raina ya yi sanyi. To kusan shekara biyu ke nan ina kwaɗayin koyon fiyano, kalangu ma wallahi ina sonshi. Kwanan baya wani ya kawo fiyano Yamaha na hannu dubu 110, na ba shi dubu 30 kafin alƙalami ita ba ta sani ba, niyyata in cika da adashin da zan kwasa ƙarshen wata dubu 120, alhali mun riga mun yi magana da ita cewa wannan kuɗin na haihuwa da suna ne. Abokina ya ce in na iya fiyano cikin wata uku zan maida kuɗina a wuraren biki. Baba kuma ko jitar ma ba ya so, ya ce gidanmu ba gidan roƙo ba ne. Barci ya gagare ni Yaya, ina tsoron ya sayar wa wani kuɗina su bi ruwa, ina kuma jin kunyar ta gane. Don Allah me zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Sau biyu na karanta saƙonka, kuma duk biyun a wurin da ka ce barci ya gagare ka na tsaya. Wanda bai damu da iyalinsa ba ai da tuni ya gama lissafinsa ya kwanta abinsa, kai kuwa zuciyarka ce ta ƙi yarda da abin da hannunka ya riga ya yi, don haka da sauƙi insha Allahu, ba a kai inda ba a dawowa ba.

Kwaɗayin da kake ji kuma na san shi, ba zan ce maka shiririta ba ce. In mutum ya daɗe da kayan kiɗa ɗaya akwai lokacin da kunnensa ke wuce hannunsa, ka ji wata murya a kanka wadda jitar ba za ta ba ka ba, kana kan keke kana ɗinki amma ƙafarka na bin wani kiɗa daban. Mutumin da ya wuni a duƙe tun safe har isha yana fama da masu cewa yau za su karɓi kayansu, yana da haƙƙin ya samu abin da zai sanyaya masa rai. Ba zan ce ka bar kiɗa ba, ba zan ma ce ka haƙura da fiyano ba. Amma dubu 120 ɗin can ka cire idonka daga kansu gaba ɗaya, sun riga sun zama na wani tun ranar da kuka zauna da ita kuka yi magana.

Ka duba mani, haihuwar fari ce fa. Babu wanda ya san yadda za ta zo, Allah ya sauke ta lafiya, amma a asibiti ana iya cewa a kawo magani, a nemo jini, ko a ce sai an yi aiki, kuma irin wannan ba ya sallama, cikin dare yake zuwa. Ko da komai ya zo da sauƙi ga rago ranar bakwai, ga kayan jariri, ga itacen dafa ruwan wanka na kwana arba'in, ga gero da kanwa na kunu, ga baƙi da za su cika gida. Kai da kake shiga kasuwa kullum ka fi ni sanin cewa kuɗin nan ko ba a taɓa su ba da ƙyar su kai. Ita kuma tana can tana lissafi da su a ranta, ƙila ma ta riga ta ce wa mahaifiyarta kada ta damu maigidan ya yi tanadi. Ka yi tunanin ranar da naƙuda ta tashi a ce ka kawo kuɗi, ga fiyano jingine a ɗaki. Wallahi ko ka iya shi daga baya, duk sanda ka taɓa shi ita wannan ranar za ta tuna, kai ma haka.

Saboda haka ka gaya mata, kuma kada ka bari ya wuce gobe. Ba ta waya ba, ba kuma a tsaitsaye kana shirin fita ba. Ka bari bayan isha ta ci abinci ta huta, ka zauna kusa da ita ka fara da abin da zai kwantar mata da hankali tunda ba ita kaɗai ba ce: kuɗin adashi na nan ba abin da zai taɓa su. Sannan ka ce amma akwai kuskuren da na yi, na ba da dubu 30 kan kaza ban shawarce ki ba, ki yafe mani. Kada ka jawo abokinka cikin maganar ka ce shi ya zuga ka, kai ka miƙa kuɗin. In ta yi fushi ko ta yi kuka ka bar ta ta yi, kada ka shiga kare kanka da cewa ai guminka ne. Ranar da ka kwashi adashin kuma ka damƙa mata a hannu ko ku ajiye wurin da ku biyu kuka sani. Na sha gani, macen da aka gaya wa gaskiya tun da wuri ita ce daga baya ke cewa to yanzu nawa ya rage a cika maka abin naka.

Mai fiyanon shi ma yana da nasa haƙƙin, ƙila ya kori wasu masu saye saboda kai. Ka je ka same shi ido da ido, in da hali da wani dattijo daga layin shagonku da yake jin nauyinsa, ka gaya masa iyali na gab da haihuwa ba za ka iya cikawa ƙarshen wata ba. Ka roƙe shi ya ajiye maka kana biya kaɗan kaɗan har bayan sallah mai zuwa lokacin da ɗinki ke yawa, in ya yarda a rubuta a takarda, nawa aka bayar nawa ya rage, kowa ya sa hannu. In ya ce shi kuɗi yake buƙata yanzu, to ya sayar ya maido maka naka, ko da zai cire wani abu na ɓata masa lokaci ka karɓa da godiya kada ka tsaya jayayya. Fiyano na hannu ba ya ƙarewa a duniya, wannan ya tafi wani zai zo.

Maganar abokinka ta wata uku kuwa, ba na zarginsa da mugun nufi, so yake ya ga ka ci gaba, amma lissafin bai cika ba. Mai zuwa biki ba fiyano kaɗai yake ɗauka ba, akwai sifika, akwai makirfo, akwai janareto da mansa, akwai kuɗin mota, ga kuma DJ da ke zuwa da filashi ɗaya ya cika fili da kuɗin da bai kai na mai kiɗa ba. Ga halin da hanyoyinmu ke ciki, wa zai so ka riƙa dawowa daga ƙauye da tsakar dare da jariri a gida? Kuma a wata uku abin da za ka iya shi ne ka bi waƙa a hankali a ɗakinka, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma bai kai a tsaya gaban taro ba. Ka sayi abin don kana sonshi, da kuɗin da in ba su dawo ba ba wanda zai kwana da yunwa.

To yanzu mu zo kan kiɗan kansa, don a nan na fi son in daɗe da kai. Abu biyu ka ambata, fiyano da kalangu, ga jita a hannu, uku ke nan, kai kuma awa ɗaya ko biyu kake da su da dare, su ma jariri na zuwa zai karɓi rabonsa. Ɗaya za ka ɗauka. Ka dubi manyan da ƙasar nan tamu ta fitar, Musa Ɗanƙwairo na Maradun da Sa'idu Faru da kotso aka san su, Kassu Zurmi da Sani Sabulu na Kanoma da kalangu, Ɗanmaraya Jos kuma da ya rasu a 2015 duniya ta san shi da kuntigi mai tsarkiya ɗaya tal. Ɗanƙwairo ma sai da ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan yayansa Abdu Kurna, kafin ya ja nasa ayarin. Ba ina nufin haramun ne mutum ya iya abu biyu ba, a'a, ƙara na biyu na buɗe kunne sosai har jitar taka za ta amfana. Sai dai ɗaya bayan ɗaya.

Kuma in ɗaya za a ɗauka ni ma fiyanon zan zaɓar maka, don rabin aikin ka riga ka yi shi a jita ba ka sani ba. Kod ɗin nan, wato muryoyin da ake haɗawa a buga tare, da yatsunka suka haddace, C da G da Am da F, a fiyano a shimfiɗe suke kana ganinsu da ido: ka danna farin madanni ka tsallake ɗaya ka danna ka tsallake ɗaya ka danna, in daga C ka fara to C ɗin ke nan, ka matsar da hannun yadda yake zuwa F ko G ko A ka samu sauran, duk huɗun ba ka taɓa baƙi ko ɗaya ba. Baƙaƙen kuma ka lura jere suke biyu, uku, biyu, uku, wato biyar suna maimaita kansu, kuma yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan murya biyar suke tafiya, shi ya sa in ka bar fararen ka yi ta yawo a kan baƙaƙen kaɗai za ka ji abin na fitowa kamar na gida. Wannan duk ba sai ka sayi komai ba za ka gwada shi, akwai manhajojin fiyano na kyauta a waya irin su Perfect Piano, ka sauke ɗaya yau. Gilashin waya ba zai koya wa yatsunka ƙarfi ba, amma zai koya wa idonka hanya, kuma wata biyun nan kafin haihuwa ya ishe ka ka san inda kowace murya take.

Daga nan sai aro. Kai fa tela ne ƙanena, kana da abin da ya fi kuɗi a hannunka. A Sabon Gari akwai samari masu kaɗa fiyano a coci waɗanda suka ƙware ƙwarai, akwai kuma masu ƙananan situdiyo a cikin gari da na'urarsu ke zaune da rana ba aiki. Ka samu ɗaya mai hankali ka ce zan ɗinka maka kaftani da wando, kai kuma ka ba ni awa ɗaya sau biyu a sati in zauna kan naka ka nuna mani. Da wuya ya ƙi. Wata biyu a haka za ka gane ko son gaske ne ko ɗoki, za ka kuma san irin wanda ya dace da kai kafin ka fidda ko sisi. Akwai ma wata hanyar mai sauƙin kuɗi, ƙaramin kibod da ake kira MIDI mai madannai 25 ko 32 ko 49, shi ba ya da sauti na kansa, da wani ɗan kebul da ake kira OTG ake haɗa shi da waya sautin ya fito ta manhaja irin BandLab, ba ruwanka da jiran wuta kuma da iyafis za ka yi abinka mai jego na barci. Illarsa hannu biyu ba sa sakewa a kan ƙananan, in za ka saya ka nemi mai 49.

In kuma Allah ya sa wancan Yamahan ne rabonka, ko wani irinsa, don Allah kada ka cika kuɗi sai ka zauna da shi da rana tsaka na aƙalla rabin awa. Ni abin ya taɓa cina, shekarun baya na sayi ɗaya da magariba, mai shi ya kunna mani waƙar da ke cikinsa ta gwaji ta cika shago da daɗi, na biya na ɗauka, sai a gida na tarar madannai uku a tsakiya, daidai inda hannun dama ke zama, ba sa magana sam. Na yi baƙin ciki ba kaɗan ba don kuɗin na daɗe ina tara su. Saboda haka ka ƙirga, irin waɗannan 61 ne, ka danna su ɗaya bayan ɗaya tun daga farko har ƙarshe, a hankali sannan da ƙarfi. In mai jin nauyin hannu ne irin samfurin Yamaha PSR-E363 ko E373 sautin zai ƙaru in ka buga da ƙarfi, ka tabbatar kowanne na yin hakan daidai da ɗan uwansa, wanda ya yi shiru ko ya yi tsawa shi kaɗai yawanci ƙura ce ta shiga ƙarƙashin robar ciki ko robar ta gaji. Ka sa kunne a sifikar hagu da ta dama daban daban, ka soka iyafis ka ji, ka buɗe gidan batir ka duba ko ya yi tsatsa ko farin gari. Ka dubi adaftar, waɗannan ƙananan na PSR-E 12V suke ci, in ka ga wata ce aka ɗaure da salatif to ka sa kuɗin sabuwa cikin ciniki. Suna kuma aiki da batir AA guda shida, wanda a garin da wuta ke zuwa ta tafi ba ƙaramin taimako ba ne. Ka je da wanda ya iya, ko shi wanda ke koya makan. Bayan ka kawo gida ka ɗinka masa riga da ragowar yadi, ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa.

Kalangu ka ɗan jinkirta shi. Ba tsada ce matsalarsa ba, in ka bi ta wurin makaɗan mahauta, tunda asali kiɗansu ne, za a iya haɗa ka da mai tsohon kango a sa masa sabuwar fata da tsarkiya a kuɗi kaɗan. Matsalarsa ba ya ɓoyuwa. Ba a sa masa iyafis, in ka matse shi a hammata ka buga unguwa duka ta ji, jariri ya farka, labari ya kai wa Baba kafin gari ya waye. Kuma shi sai da malami, don magana yake yi, hawa da saukar muryar Hausa yake bi, hannun da ke matse tsarkiya shi ke faɗin kalmar, wannan kuwa zama kusa da mai yi ake a ɗauka. In hannunka na ƙaiƙayin bugu ka kife ƙwarya a kan matashi ka riƙa bin kiɗan da kake ji a rediyo da yatsu, lokaci da ma'auni za su zauna maka. In kuma na gargajiya kake marmari wanda ke kusa da jita, kuntigi ko gurmi ne, hannun hagunka ya riga ya san aikin. Kuntigi gwangwani ne da 'yar fata da sanda da tsarkiya, gurmi kuma ƙwarya ce da tsarkiya biyu, kuma muryarsu ba ta tada maƙwabta.

Af, yaushe rabonka da canza wa jitar tsarkiya? Ina tambaya ne don sau da yawa in mutum ya ji kayan kiɗansa sun gundure shi, tsarkiyar ce ta mutu da gumi da tsatsa, sautin ya dushe a hankali bai lura ba. Saiti ɗaya na shida bai kai kuɗin ɗinkin kaftani ɗaya ba. Ka canza ka ji, kuma ka daina jingine ta inda rana ke bugu ko kusa da dutsen guga.

Sai Baba. Kada ka ɗauke shi wanda bai waye ba. A zamaninsu kiɗa gado ne, gidan makaɗa daban gidan malamai daban gidan 'yan kasuwa daban, kuma duk son da ake wa makaɗi in ya zo neman aure sai an tsaya an yi tambaya. Ba mamaki shi kansa in an sa Ɗanƙwairo a rediyo yana gyaɗa kai, abin da yake tsoro shi ne a ga ɗansa a tsakar fili ana manna masa kuɗi a goshi yana kiran sunayen masu hannu da shuni, ko kiɗan ya janye ka daga sallah da sana'a. Ka ga ke nan shawarar abokinka ta zuwa biki ita ce daidai abin da zai tabbatar masa da tsoronsa. Kada ka yi musu da shi, kada kuma ka yi masa ƙaryar ka daina alhali ba ka daina ba. Ka same shi shi kaɗai ka durƙusa ka ce Baba ni tela ne kuma tela zan ci gaba da zama, ba na zuwa biki ba na roƙon kowa, a ɗakina nake yi in na gaji. In gida ɗaya kuke kada ya ji sautin a kunnensa, in kuma kana da kawu ko baffan da yake saurara ka fara bi ta wurinsa. Ta fuskar addini in abin na yi maka nauyi a rai ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaye shi kai tsaye. In bayan duk wannan Baba ya ce sam bai yarda a shigo masa da fiyano gida ba, ka bar shi a wurin mai koya maka ka riƙa zuwa can, kada ka saɓa masa a kan abin da ke iya jira.

Kuɗin kuma ga yadda za a tara su ba tare da an taɓa na cefane ba. Ka samu asusu, na ƙasa ko na katako wanda sai an fasa, ka ajiye a shago ita ma ta san da shi. Naira 500 kullum dubu 15 ne a wata, dubu 80 ɗin da suka rage maka wata biyar da 'yan kwanaki ke nan, in ɗinkin sallah ya shigo ciki ka ware kuɗin kowace riga ta biyar ba ma za a kai haka ba. Watan suna kada ka matsa wa kanka, ko ba ka jefa komai ba ba laifi, kuma in wata lalura ta gida ta taso asusun nan shi za a fara fasawa, ka sa wannan a ranka tun yanzu.

Allah ya sauki maiɗakinka lafiya ya raya abin da za a samu. Ka gaishe mani da ita, kuma in kun yi maganar ka rubuto ka gaya mani yadda kuka ƙare da mai fiyanon, in akwai lambar samfurin a jikinsa ka haɗo da ita in duba maka ko dubu 110 ɗin ma ya cancanta.